Kare da Kaji a Gida Ɗaya



A Malam Madori akwai gidan da za ka ga kare kwance, kaji suna kiwo kusa da shi. Tun yana kwikwiyo aka saba masa da 'yan tsaki, ana kwaɓarsa in ya kai cafka. Akan ciyar da shi kafin a buɗe akurki, gama mayunwacin kare ba ya jin tsawa. Yau shi ke korar muzuru da dare.

Ishaya sura 11 ta nuna ranar da kyarkeci zai zauna da ɗan rago. Maigida, Allah ya ba ka ƙarfi domin tsaron raunana. A gidanka, wa ke ɓuya in ka shigo?

Mu yi addu'a.