Jawabin Ɗan Takararmu a Tayuri Kan Kuɗin Haya



Duk ƙarshen wata mai gida na bakin ƙofa, albashi kuwa na banki, sai an sha layi. An karya darajar dinari a Janairun 2021, an sake a Afrilun 2025. Haya ta hau, aljihu na nan yadda yake. Wanda bai samu lambar ɗan ƙasa ba tun 2013, da wace takarda zai mallaki fili? Alhali man Sharara daga Fezzan ɗinmu yake fita.

In kun zaɓe mu, za mu tsaya kan lamba ga duk wanda ya cancanta, da takardun filaye ga mutanen Tayuri. Mai ƙuri'a ya fito, ya jefa har don maƙwabcinsa da aka hana.