Faransanci a Bakin Ƙofarmu



Yau maganata da ku ce, ɗaliban jami'a masu karatun Faransanci. Don Allah kada ku bar harshen nan a cikin aji.

Ku dubi maƙwabtanmu. Nijar, Chadi, Kamaru, Binin, dukkansu da Faransanci ake aikin ofis. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai kai atamfa Maraɗi, da Faransanci zai tarar da takardun kwastan. Wa zai karanta masa? Ku ne.

To, ina za ku goge bakinku? Akwai Ƙauyen Faransanci a Badagiri, jihar Legas, wanda aka kafa a 1991. Can ake tura ɗalibai su kwana su tashi cikin harshen. In lokacinku ya zo, ku saki baki. Ku yi magana a ɗakin kwana, ku yi magana a wurin cin abinci, ko da kuskure.

Akwai kuma Alliance Française, har a Kano. Ku tambaye su jarrabawar DELF, domin takardar shaidarta ba ta tsufa.

A wayarku ma, RFI na karanta labarai cikin sauƙaƙan Faransanci. Ku saurara daren nan.

Mu kwana lafiya.