Sayen Taya: Kowa Ya Dubi Irin Tuƙinsa

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa direbobi da masu motoci na nan Sabo, Ibadan, barkanmu da wannan zama.

Maganarmu ta yau a kan taya ce. Da yawanmu in za mu canja taya, kuɗinta kawai muke tambaya. To, jama'a, kafin a tambayi kuɗi, mu fara tambayar kanmu: wace hanya muke bi, wane irin lodi muke ɗauka, kuma yaya gudunmu yake?

Wanda ke zirga-zirga cikin gari, daga Sabo zuwa Bodija, babbar damuwarsa ruwan sama ce, don daminar Kudu tana da tsawo. Ya nemi taya mai zurfin zane, saboda zanen ne ke kore ruwa har burki ya kama. In zurfin ya ragu zuwa milimita 1.6, ta suɗe ke nan, a cire ta.

Amma wanda ke lodin goro ko fasinja ya bi Ilori, Jebba, Mokwa har Kwantagora, abokan gābarsa zafin kwalta ne da nauyi. Ya karanta jikin tayar. In ya ga 91H, 91 na nufin kowace taya kilo 615 take ɗauka, H kuwa iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Akwai kuma alamar jure zafi, A, B ko C. Mai A ta fi juriya. Masu bas su nemi wadda girmanta ya ƙare da C, kamar 195R15C, ita aka yi don lodi.

Sai batun tokumbo. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, tayoyin waje suka ƙara cika kasuwa, har da na gwanjo. Wasunsu don ƙanƙarar Turai aka yi su, za ku ga hoton dutse da ƙanƙara a jiki. Robarsu taushi gare ta, zafinmu cinye ta yake yi. Ku duba lamba huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko zanenta na nan, robar ta riga ta bushe.

A riƙa auna iska da safe wajen mai faci, kafin taya ta ɗau zafi. Araha ba ta ado, balle ga mai ɗauke da rayukan mutane.

Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum.