Sirrin Gwamnati Amana Ce: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Tsofaffin Ɗalibai A Daura

 

An umurce ni da in yi ɗan bayani a kan takardun sirri na gwamnati. Da yawa daga cikinmu nan ma'aikata ne, wasu kuma sun yi ritaya, kuma kusan kowa ya sa hannu a takardar rantsuwar riƙe sirri lokacin da ya kama aiki. To amma mu nawa ne muka tsaya muka tambayi abin da muka rantse a kansa?

Sirrin gwamnati hawa huɗu ne. Na ƙoli shi ne wanda fitarsa za ta jawo wa ƙasa babbar ɓarna, kamar shirin yaƙi. Na biyu shi ne wanda zai cutar da tsaro ko hulɗa da wasu ƙasashe. Na uku shi ne wanda zai kawo cikas ga aiki ko ya ci mutuncin wani, kamar rahoton shekara da ake rubutawa a kan ma'aikaci. Na huɗu shi ne na cikin gida, wanda ma'aikata za su karanta amma ba za a kai wa jarida ba. Ofishin da ya rubuta takarda shi ke buga mata hatimin matakinta. Ana ajiye irin wannan fayil a ɗakinsa daban, a kulle, kuma girman muƙami kaɗai ba ya ba mutum damar buɗe shi, sai in aikinsa ya shafe shi. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya fitar da shi ba da izini ba. Hausawa dai sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wannan magana ta taɓa girgiza ƙasar nan a zamanin mulkin ɗan garin nan, marigayi Janar Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa. A 1984 jaridar Guardian ta Legas ta buga labarin waɗanda za a naɗa jakadu tun gwamnati ba ta sanar ba. Aka gurfanar da 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, aka ɗaure su shekara guda. An soke dokar a 1985, amma tambayar da ta bari tana nan: yaushe ne rufe takarda ke kare ƙasa, yaushe ne yake kare mai riƙe da ofis kawai?

An samu amsa a 2011, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Yanzu kowane ɗan ƙasa na iya rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma wajibi ne a ba shi amsa cikin kwana 7. Dokar ta ware abubuwan da za a iya hanawa, kamar tsaron ƙasa, da hulɗa da ƙasashen waje, da binciken laifi da ke gudana, da bayanan rayuwar mutum ta kansa. Amma ta fayyace cewa hatimin sirri shi kaɗai bai isa hujjar hanawa ba. Sai jami'i ya duba abin da ke cikin takardar. Wanda kuma ya lalata takarda da gangan don kada a gan ta, ɗauri ne hukuncinsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Saboda haka kuɗin kwangilar rijiya ko ginin aji a ƙauyukan masarautar Daura abu ne da talaka ke da haƙƙin tambaya.

Sannan sirri yana da wa'adi. Rahotannin da Razdan da Di'o suka riƙa rubutawa a ɓoye a kan sarakuna da hakimai zamanin En'e, yau ɗalibai na karanta su a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Duk abin da ka rubuta a fayil, jikanka na iya karanta shi wata rana.

Don haka, 'yan uwa, amanar nan fuska biyu gare ta. Wanda ya ɗauki hoton takardar tsaro da wayarsa ya watsa a WhatsApp ya ci amana, yana iya jawo asarar rayuka a wannan zamani na 'yan bindiga. Wanda ya buga hatimin sirri a kan takardar kuɗi don ya rufe almundahana, shi ma ya ci amana. Ina roƙon waɗanda ke bakin aiki su nemi dokokin nan biyu su karanta, su kuma koya wa na ƙasa da su.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe amana.