Dokar zaman gida ta Gana ba miji kaɗai ta shafa ba

Masu saurarenmu na Tempane da Garu da Bawku, da ku da ke ruga a bakin iyaka, da fataken da ke kwana a hanya tsakanin Sinkansi da Yendi da Salaga, barkanmu da war haka. Yau maganar cikin gida za mu yi. Na san wani ya fara cewa me ya haɗa rediyo da ɗakin mutum. To, a yi haƙuri a saurara.

Ga irin abin da ke faruwa, kuma kowa ya san gidan da aka taɓa yin sa. Maigida ya bi shanu ya yi kudu da rani, ko ya ɗora albasa ya haye Togo, wata biyu, wata uku. Matarsa tana gida da uwarsa da ƙannensa da facaloli. Tana da awaki huɗu da ta tara da kuɗin nono. Ran nan ƙanin miji ya kama biyu ya kai kasuwa, wai za a gyara babur. Ta yi magana, uwar miji ta ce baƙuwa ba ta da baki a gidan nan, ta kulle rumbu ta hana ta awo. Da ta ƙara magana aka mare ta. Maigida ya dawo, an riga ta wurinsa, shi kuma ba ya son a ce ya fifita mata a kan mahaifiya. Sai ya ce ta yi haƙuri.

Da yawanmu mun ɗauka in ba miji ne ya ɗaga hannu ba, babu ruwan hukuma. Akwai ruwanta. Dokar hana cin zarafi a cikin gida, mai lamba 732, wadda majalisar dokokin Gana ta zartar a 2007 a zamanin Shugaba Kufuor, ta lissafa waɗanda ta shafa. Akwai mata da miji. Akwai dangi na jini da dangi na aure, wato surukai ke nan, uwar miji da ƙaninsa da yayarsa. Har waɗanda ke haya gida ɗaya da yarinyar aiki suna ciki.

Kuma ba duka kaɗai ta hana ba. A nan nake so makiyaya da 'yan kasuwa ku kasa kunne. Dokar ta ce sayar da dukiyar da wani ke da haƙƙi a cikinta, ko ɓoye ta, ko lalata ta, ko hana mutum abin da ya wajaba a ba shi, shi ma cin zarafi ne. Ka ga ke nan a labarin can, marin laifi ne, awakin laifi ne, rumbun ma laifi ne. Kai da ka san zafin a kore maka karsana ɗaya a daji, yaya za a ce akuyar matarka ta gida ce, kowa ya kama? Addini ma ai bai ce haka ba. Sadakin mace nata ne, abin da ta nema da guminta nata ne. Inda kuma al'ada ta ce a kai shanu gidan uban yarinya, kamar yadda maƙwabtanmu Kusasawa ke yi, "ai mun biya shanu" ba hujja ba ce gaban alƙali.

To, ina ake zuwa? Kowane ofishin 'yan sanda yana karɓar wannan ƙara, kuma suna da sashe na musamman da ake kira DOVVSU, wanda aka kafa tun 1998 da sunan sashen mata da yara. Ba lallai sai wadda aka zalunta ta je da ƙafarta ba. Yayanta, maƙwabciya, malamin asibiti, duk wanda ya san abin yana iya kai labari. In akwai rauni, za a ba ta takardar likita. Dokar ta ce magani kyauta ne. Gaskiya a aikace sau da yawa ana neman kuɗin cika takardar, kuma nan ne ƙararraki da dama ke mutuwa. Duk da haka a je da wuri, kafin kumburi ya saɓe. Kotu tana iya ba da takardar kariya, ta hana mai laifin kusantarta har wata 12, tana ma iya fitar da shi daga gidan. Hukunci kuwa tara ne, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun. In raunin ya yi tsanani, wata doka ce mai nauyi ta hau kansa.

'Yan'uwanmu Fulani, na san tsoronku: a je kai ƙara a ɓige da tambayar katin ɗan ƙasa. Dokar ba ta ce sai ɗan ƙasa take karewa ba. In ana shakka, a tafi da sarkin Fulani ko sarkin zango, ko a fara biyawa ta ofishin jin daɗin jama'a na gunduma.

Wani dattijo zai ce mun zo raba aure. A'a, Baba. Yaji da biko suna nan, liman da waliyyi suna nan. Ita kanta dokar ta yarda kotu ta mayar da ƙaramar magana a sasanta, in mai ƙarar ta amince. Abin da ba ta yarda ba shi ne a karya wa mace hannu sannan a rufe maganar da goro. Kuma iyayenmu mata, kada ku ce an haɗe muku kai: tsohuwar da matar ɗanta ke hana wa abinci in ya yi tafiya, ita ma wannan dokar ce gatanta. Namiji ma haka.

Sai maganar iyaka. Inda aka yi laifi, dokar can ke aiki. In a Burkina ne, su ma suna da tasu ta kare mata tun 2015. Amma in a Tempane aka doke ki kika gudu gida Togo, ƙararki tana Gana, kuma takardar likitan nan za a nema. Ki riƙe ta.

Kai kuma mai shirin tafiya, kafin ka kora shanu ko ka ɗaure kaya, tara mutanen gidanka gaban shaidu biyu ka faɗa da bakinka: waɗannan awakin nata ne, wannan buhun na cinta ne da yara, makullin rumbu yana hannun wance. In ta sayi dabba, a yi mata alamarta daban a kunne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko dokar gado ta 1985, wadda ta hana dangin miji fitar da mai takaba da 'ya'yanta daga gidan aurenta kafin a raba gado. Wanda ke da tambaya ya aiko tun yanzu.