Ƙwaron Wake da Yadda Masana ke Tantance Ƙananan Ƙwari



Bahaushe ya raɗa wa ƙwari da yawa suna. Ya san buzuzu mai mirgina kashi, ya san hangara mai tayar da bororo a jiki, ya san makesu mai walƙiya da dare. Waɗannan uku 'yan gida ɗaya ne a wurin masana, wato gidan ƙwari masu fukafukan sama masu tauri kamar ɓawo, waɗanda ke rufe na ƙasa, na tashi. Irin da aka rubuta a wannan gida sun tasam ma 400,000. Amma da zarar halitta ta ƙanƙance ta kai girman ƙwayar gero, sai harshe ya gaza, a ce da ita ƙwaro kurum, a jingina ta ga abin da take ci.

A shekarar 2019 wani masani mai suna Michael Darby, na gidan adana kayan tarihin halittu da ke Landan, ya bayyana wani sabon iri, ya sa masa suna Nelloptodes gretae don girmama yarinyar nan 'yar Suwidin, Greta Thunberg. Tsawonsa bai kai milimita 1 ba, ba shi da ido, ba shi da fukafukin tashi. Tun cikin shekarun 1960 aka tsince shi a ƙasar Kenya, ya yi shekara hamsin da ɗoriya a ajiye kafin a sami mai zama ya dube shi. Saboda haka in an ce sabon iri, ana nufin sabo ne ga littafi. Ƙa'idar kuwa ita ce a zaɓi ƙwaro guda a ajiye shi ya zama shaida, a bayyana siffarsa gaɓa gaɓa, a nuna inda ya saɓa wa danginsa, a ba shi suna mai kalma biyu cikin Latin, sa'an nan a buga.

Ba sai an je Kenya ba kafin a ga amfanin wannan aiki. Duk wanda ya sa hannu cikin buhun wake a kasuwar Wudil ran Juma'a, watanni kaɗan bayan kaka, zai iya cin karo da abin da ake kira ƙwaron wake. A ƙasar Hausa ƙwari biyu ne manya suka yi tarayya cikin wannan suna. Na farko shi ne Callosobruchus maculatus, wanda Fabricius, mutumin Danmak, ya bayyana a 1775. Na biyu shi ne Bruchidius atrolineatus, wanda Bafaranshe Maurice Pic ya bayyana a 1921.

Jikin kowannensu kashi uku ne: kai, da ƙirji, da ciki. Ƙafafu shida da fukafukai duk a ƙirji suke. Na farkon tsawonsa kamar milimita 3 ne, kansa a sunkuye, fukafukansa na sama sun gaza rufe ƙarshen cikinsa, kamar mai sanye da rigar ƙanensa. A wannan wuri da ya fito fili ake raba mace da namiji: na macen ya fi faɗi, da tabo baƙi biyu da farin layi a tsakani, na namijin kuwa ƙarami ne, ba shi da wannan zane sosai. Amma launi mayaudari ne, domin cikin iri ɗayan nan akwai mai son tashi, wanda ke yawaita in rumbu ya cunkushe, akwai kuma mai zaman rumbu, kamanninsu kuwa sun bambanta har mai gaggawa ya ɗauka iri biyu ne. Don haka masani ba ya tsayawa ga launi. Sai ya kifar da ƙwaron ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya dubi cinyar ƙafar baya. In ya ga ƙaya biyu kusa da gwiwa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, to, ɗan zuriyar Callosobruchus ne. Zuriyar Bruchidius ba ta da wannan ƙaya biyu. Daga nan sai ƙahonnin ji da ke goshi: na namijin atrolineatus suna da haƙora dogaye kamar mataji, na maculatus kuwa haƙoransu gajeru ne. In shakka ta rage, sai a feɗe namijin a fitar da al'aurarsa, domin siffarta ita ce hujjar da ba a cika jayayya da ita ba, kuma da ita ake raba yawancin ƙananan ƙwarin duniya.

Me zai sa malamin gona ko ma'ajin sito ya damu da ƙayar cinya? Dalili shi ne halinsu ba ɗaya ba ne. Dukansu tun a gona suke shiga wake. Binciken da aka yi a Yamai ya nuna cewa atrolineatus, bayan haihuwa ɗaya ko biyu cikin ma'aji, yakan daina yin ƙwai har rani ya wuce, ɓarnarsa ta tsaya. Maculatus ba ya hutawa. Macen tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige, ta ci ta girma a ciki, cikin mako uku zuwa huɗu na lokacin zafi ta fito cikakken ƙwaro, ta bar rami zagayayye. Wanda bai raba su ba, ko dai ya yi sakaci da mai cinye buhu, ko ya yi ta zuba guba ba bisa ƙa'ida ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku na Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda ke toshe iska ya kashe tsutsar ba tare da ɗigon magani ba.

Sauran aiki yana kan masu nazarin harshe. Har yau ɗalibin aikin gona a Wudil da Latin yake kiran waɗannan ƙwari biyu, manomin da zai yi wa bayani kuwa suna ɗaya yake da shi. Sai an zauna da tsofaffin manoma da masu sito an ji ko akwai inda aka taɓa raba su da baki, kafin a shiga ƙirƙirar sabuwar kalma.