Jawabin Fasto a Bikin Cika Shekara Hamsin: Da Me Aka Cece Mu?

 

Sa'ad da iyayenmu suka fara taruwa domin sujada a nan, Birnin Kebbi ba ta zama babban birnin jiha ba tukuna, sai a 1991. Yawancinsu aiki ne ya kawo su. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Yau ga mu shekara hamsin, muna kiran bikin nan jubili. Kalmar daga Ibrananci ta fito, daga ƙahon rago da ake busawa. A Littafin Firistoci sura 25 an umarci Isra'ilawa su busa wannan ƙaho a Ranar Kafara domin shelar shekara ta hamsin. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonarsa, gonar ta komo masa. Wanda ya sayar da kansa ga ɗan'uwansa, ya koma gida. Ko anini bai biya ba. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata yau mu buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Galatiyawa.

Galatiya tana cikin ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Ayyukan Manzanni sura 13 da 14 sun nuna yadda Bulus da Barnaba suka yi wa'azi a Antakiya ta Bisidiya, da Ikoniya, da Listira, da Darba. A Listira har jifan Bulus aka yi, aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Mutane suka ba da gaskiya, yawancinsu kuwa ba Yahudawa ba ne. Bulus na juya baya sai ga waɗansu malamai. Ba su ce a bar Yesu ba, ku lura da wannan. Cewa suka yi Yesu ya yi nasa, amma sai an ƙara da kaciya da kiyaye Shari'ar Musa kafin ceto ya cika.

Bulus ya saba fara wasiƙunsa da godiya ga Allah saboda masu karɓarsu, har ma Korintiyawa masu rigima sun sami tasu. Galatiyawa ba su samu ba. Yana gama gaisuwa ya shiga faɗa, a sura ta 3 ma ya tambaye su ko sammu aka yi musu. Hujjarsa tana a ƙarshen sura ta 2: in mutum zai iya samun karɓuwa gaban Allah ta wurin kiyaye Shari'a, to, me ya kai Almasihu bisa gicciye?

Ya kuma kawo musu Ibrahim. Farawa sura 15 ta nuna Allah ya karɓe shi a kan ya gaskata alkawari, kaciya kuwa sai a sura 17 ta zo. Shari'a ta biyo bayan alkawarin da shekara 430, in ji Bulus, abin da ya zo daga baya kuwa ba ya soke abin da Allah ya riga ya tabbatar. To, me amfanin Shari'a? Ya kwatanta ta da bawan gida da ake ba shi yaro ya tsare, ya raka shi, ya tsawata masa har ya girma. Mai rakiya yana da amfani, amma ba shi ne uba ba, gado kuma ba daga hannunsa yake fitowa ba.

Wani zai ce, Fasto, maganar kaciya ba damuwarmu ba ce a ƙasar nan. Gaskiya ne. Amma muna da namu ƙarin. Akwai mai dogara da katin baftisma da ya ajiye a ƙasan akwati. Akwai mai dogara da cewa kakansa ne ya fara tuba a ƙauyensu. Akwai mai dogara da zakkarsa, ko yawan buhun siminti da aka karanta da sunansa a ranar gidauniya. Yanzu kuma ga masu wa'azi a rediyo da wayar hannu suna cewa a shuka kuɗi, a sayi mai ko ruwan da aka yi wa addu'a, sa'an nan Allah ya ji. 'Yan'uwa, baftisma umarnin Ubangiji ce, baiko kuma da shi aka gina ɗakin da muke zaune ciki. Ba mu raina su ba. Amma ranar da muka mai da su kuɗin fansa, mun koma Galatiya.

A farkon hidimarmu mun je gaida wata uwa a Zumuntar Mata da ke kwance, ajali ya kusa. Shekara da shekaru ita ce mai sharar majami'a ran Asabar. Ta kama hannunmu ta ce, Malam, kana gani aikina ya isa? Mun sha karanta darasin baratarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki, mun ci jarrabawa a kai, amma ran nan kunya ta kama mu. Matar nan ta daɗe tana jin wa'azinmu, duk da haka tana auna kanta da tsintsiya. Laifin ba nata ba ne. Mu ne muka yawaita wa'azin yi da bari, muka rage wa'azin gicciye. Muka ce mata, Mama, naki bai isa ba, namu ma bai isa ba, na Yesu ne ya isa. Ta yi shiru, can ta ce, To, madalla.

Duk wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi a Matan Fada can Argungu ya ga yadda masunta ke shiga ruwa da homa da ƙatuwar gora. Gorar nan ba ta amfanin wanda ya tsaya a gaɓa yana yaba kyanta. Sai ya kwanta a kanta, ya sake mata nauyinsa duka, ƙafarsa ta bar ƙasa. Bangaskiya ke nan. Ba ƙarfin rungumar ne ke hana mutum nutsewa ba, gorar ce. Shi ya sa mai ƙaramar bangaskiya da mai babba, Mai Ceto ɗaya ne yake ɗauke da su. Wannan wasiƙa ce Martin Luther ya riƙe ƙwarai a Jamus bayan ya tashi tsaye a 1517 a kan sayar da takardun gafara. Mu kuma ta zo hannunmu cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932.

Akwai wuri guda da muke so dattawa su kasa kunne. A sura ta 2 Bulus ya ba da labarin abin da ya faru a Antakiya. Bitrus yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai, da baƙi suka zo daga Urushalima sai ya janye don tsoro, har Barnaba ya bi shi. Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Bitrus bai canza ko kalma ɗaya ta wa'azinsa ba, wurin zama kawai ya canza, amma Bulus ya ce ya kauce daga gaskiyar bishara. A ikilisiyar nan akwai Dakarkari, Kambari, Dukawa, Hausawa, Zabarmawa, da 'yan'uwa daga Kudancin Kaduna, Filato da kudu. In lokacin zaɓen dattawa ya zo, ashe ba mu san yadda ake bi gida gida da dare ana cewa namu ne ba? Sabon tuba da danginsa suka kore shi, sau nawa muka kira shi cin tuwo a gidajenmu? In ta hanya ɗaya aka cece mu, ba wanda ya shigo ta ƙofar gaba, wani kuma ta ƙofar baya.

Kada kuwa wani ya fita ya ce Fasto ya ce a daina aikin kirki. Sura ta 5 da ta 6 sun rufe wannan ƙofa. Bangaskiya ta gaskiya tana aiki da ƙauna, tana ɗaukar kayan ɗan'uwa, tana yi wa kowa alheri. Kowa ɗin nan ya haɗa da maƙwabtanmu Musulmi da muke cin kasuwa ɗaya, muke kuma yi wa juna jaje, kamar yadda aka yi a 2020 sa'ad da ambaliya ta cinye shinkafar fadama. Bawa yana aiki don tsoron bulala, ɗa kuwa don gidan nasa ne.

Wasiƙar sura shida ce kawai. Muna roƙon kowane maigida ya karanta sura ɗaya da iyalinsa kowace yamma, daga gobe Litinin zuwa Asabar. In an tashi kuma, mata sun shirya abinci a harabar majami'a. Ba a ware tabarmar kowace ƙabila ba, kowa ya nemi wanda bai taɓa cin abinci da shi ba ya zauna kusa da shi.

Mu miƙe mu yi addu'a.